Hoton ƙashi ya ce ba komai, amma gwiwar yarona kullum a kumbure

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni uwar yara uku ce, na tsakiyarsu namiji ne mai shekara 8. Yana ɗan shekara 4 aka yi masa kaciya, jini ya ƙi tsayawa, sai da aka kwantar da mu a asibiti aka ƙara masa jini. A nan aka gano yana da himofiliya, wato jininsa ba ya daskarewa kamar na sauran mutane. Tun bara gwiwarsa ta dama ke ba mu wahala. A cikin wata biyar ta kumbura sau huɗu, kuma yanzu ko ba ta ciwo tana nan a cike, ta fi ta hagu girma. Mun yi hoton ƙashi aka ce ba a ga komai ba. Duk da haka likitan jini ya ce a yi sikanin gwiwar, in ta kama ma a yi MRI, hoton nan na babban inji mai maganaɗisu. Maigidana ya ce sikanin ai na masu ciki ne, kuma tunda hoto ya nuna ba komai, sauran duk ɓarnar kuɗi ce. Surukata kuma ta dage a kai shi wurin maɗori. Ni hankalina ya ƙi kwanciya. Ina da keken ɗinki, da shi nake rufa wa kaina asiri, har na fara tunanin in sayar da shi in je a yi MRI ɗin ba tare da maigidan ya sani ba. Don Allah a ba ni shawara.

Uwar yara uku, daga Funtua

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya ba ki ladan jinya.

Kada ki sayar da keken tukuna, kuma kada a kai yaron nan wurin maɗori. Waɗannan biyun su suka fi gaggawa, shi ya sa na fara da su. Shi kuwa rashin kwanciyar hankalinki yana da dalili mai ƙarfi, kuma likitan jinin ya faɗa muku gaskiya.

Hoton ƙashi sunansa ya faɗi aikinsa, ƙashi yake gani. Ita kuwa ɓarnar himofiliya ba daga ƙashi take farawa ba. Ranar da kika sayi ƙafar saniya za ki yi farfesu, ki tsaya ki dubi mahaɗar ƙasusuwan kafin ki zuba a tukunya. Za ki ga kan kowane ƙashi a lulluɓe da wani farin abu mai santsi da sheƙi, wuƙa na zamewa a kansa. Guringuntsi ke nan, shi ke hana ƙashi gugar ɗan'uwansa. A kewayensa kuma akwai wani siririn tantani da ya shimfiɗe cikin gaɓar, shi ke fitar da ɗan ruwan yauƙi da ke sa ta motsi ba gargada. Gwiwar ɗanki haka take a ciki. Hasken hoton ƙashi ratsa waɗannan biyun yake yi ya wuce, guringuntsi ba ya fitowa a jikin hoton sai dai a ga fili tsakanin ƙashi da ƙashi.

Duk lokacin da jini ya tsiyaya a cikin gaɓa, tantanin nan ne ke aikin tsotse shi. Idan sau ɗaya ne, yakan iya. Idan abin ya yi ta maimaituwa, sinadarin ƙarfen da ke cikin jini sai ya riƙa maƙalewa a jikinsa kamar tsatsa. Tantanin ya fusata, ya yi kauri, ya tsiro da sababbin ƙananan jijiyoyin jini marasa ƙwari. Yaro ya tsuguna ko ya yi ɗan gudu, ƙasusuwan su matse wannan tantanin mai kauri, jijiyoyin su fashe, jini ya sake zuba. Jinin jiya shi ke jawo na gobe. A hankali ƙarfen da kumburin suna cin guringuntsi, shi kuwa guringuntsin gaɓa idan ya cinye ba ya dawowa. Kafin hoton ƙashi ya nuna filin nan ya tsuke, ko gefen ƙashi ya zaizaye, an daɗe ana ɓarnar. Kamar gara ce a cikin azara, mai kallo daga tsakar ɗaki zai rantse rufin lafiya lau yake.

Don haka da aka ce muku ba a ga komai ba, abin da ake nufi shi ne ƙashin bai taɓu ba tukuna. Ki gode wa Allah, wannan labari ne mai daɗi, domin yana nuna akwai sauran abin da za a ceto. Amma bai wanke gwiwar ba. Likitocin wannan cuta suna da ƙa'ida: gaɓar da jini ya zuba a cikinta haka kawai sau uku ko fiye a cikin wata shida, ana ware ta a sa mata ido na musamman. Ta ɗanki sau huɗu a wata biyar. Sannan cikar nan da kika ce ba ta saɓewa ko da babu ciwo, ita ce ta fi damuna a duk wasiƙarki, domin haka tantanin da ya yi kauri yake nuna kansa.

A shekarar 2007 an wallafa wani bincike da aka yi a Amurka, ƙarƙashin jagorancin likita Marilyn Manco-Johnson, wanda har yau ake kafa hujja da shi. An ɗauki yara maza 65 masu himofiliya mai tsanani, dukkansu ba su wuce shekara biyu da rabi ba, aka raba su gida biyu. Kashi ɗaya ana yi musu allurar sinadarin daskarar da jini, wanda ake kira fakta 8, a kai a kai don rigakafi. Ɗaya kashin kuma sai jini ya zuba ake yi musu. Da suka kai shekara 6 aka duba gaɓoɓinsu da MRI. A cikin masu rigakafi, kashi 93 cikin 100 gaɓoɓinsu lafiya suke. A cikin masu jiran sai jini ya zuba, kashi 55 ne kawai. Abin da ya fi ɗaga hankalin likitoci shi ne an samu yaran da MRI ya nuna ɓarna a gaɓar da ba a taɓa ganin ta kumbura ba. Wato jini na iya tsiyaya kaɗan-kaɗan a ɓoye, ba uwa ba, ko yaron bai sani ba.

Yanzu ga maganar sikanin. Maigidanki bai yi ƙarya ba, injin ɗaya ne da na masu ciki. Sai dai ana canza masa kai, a sa wani mai faɗin baki da aka yi don duba abin da ke kusa da fata. Da sautin da kunne ba ya ji yake aiki, babu hasken nan na hoton ƙashi, babu allura, babu zafi. Yaro zai hau gado ya miƙe ƙafa, a ɗan tokare masa ƙarƙashin gwiwa, a matsa masa wani man shafawa mai sanyi a saman ƙoƙon gwiwar. Yawancin yara dariya suke yi saboda sanyin. Mai dubawa ya ɗora kan na'urar yana zagayawa a hankali, ke kuma kina tsaye kina kallon allon. Ƙashi zai fito da farin layi mai haske, guringuntsi ya kwanta a kansa kamar baƙin zare mai kauri, ruwa ko jinin da ya taru ya fito da duhu. Idan ya danna na'urar, ruwa yakan gudu gefe, shi kuwa tantanin da ya yi kauri yana nan inda yake, ba ya gudu. Da wannan ɗan dannawar ake rarrabe abubuwa biyun da hannu da ido ba sa iya rarrabewa.

A 2013 wani likitan hoto ɗan Italiya, Carlo Martinoli, da abokan aikinsa suka fitar da tsarin duba gaɓoɓin masu himofiliya da sikanin, ana kiransa HEAD-US. Gaɓoɓi shida ake bi, gwiwoyi biyu, gwiwoyin hannu biyu da idon sawu biyu, domin su ne wannan cuta ta fi ci. A kowace gaɓa ana duba tantani, guringuntsi da fuskar ƙashi, a ba ta maki daga 0 zuwa 8. Ki roƙi a duba masa duka shidan tunda an riga an hau gadon, musamman idon sawu, wanda a ƙananan yara yakan riga sauran taɓuwa ba tare da ya yi surutu ba. Makin nan yana da amfani domin idan aka sake dubawa bayan wasu watanni za a san ko gaba ake yi ko baya.

Amma ki kiyaye abu ɗaya, kuma ina jaddada shi saboda na san yadda shagunan sikanin suka cika gari. Ingancin wannan hoton yana hannun mai riƙe da na'urar. Wanda ya ƙware a duba ciki ba lallai ne ya san gaɓa ba. Ga shi kuma gaɓar yaro mai shekara 8 ba irin ta babba ba ce, guringuntsinta ya fi kauri, gefen ƙashin da ke girma ma bai gama daidaita ba, wanda bai saba ba zai iya ganin ciwo inda babu, ko ya tsallake wanda ke akwai. Ki tambayi likitan jinin da bakinsa ya faɗa miki wurin wa za ki je. Daga Funtua, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ba nisa gare ku, akwai kuma na Malam Aminu Kano a Kano. A irin waɗannan manyan asibitocin ne sashen jini da sashen hoto da na gashin ƙashi suke wuri ɗaya, su iya magana da juna a kan yaro ɗaya.

Sikanin yana da wani amfani da za ki gani nan gaba. Gaɓar da ta daɗe tana wahala takan yi ciwo ko da babu sabon jini a ciki, kuma mai ciwon kansa sau da yawa ba ya iya bambancewa. Idan jini ne, fakta ake buƙata. Idan ciwon tsohuwar ɓarna ne, fakta ba za ta kawar da shi ba, sai maganin ciwo da motsa gaɓa. A ƙasar da kowace kwalbar fakta da ƙyar ake samunta, sanin wanne ne ba ƙaramin abu ba ne.

Shi MRI babu na biyunsa wajen gani. Yana leƙa tsakiyar gaɓa inda sautin sikanin ba ya kaiwa saboda ƙashi ya tare, yana nuna tsatsar ƙarfen nan baƙi ƙirin a jikin tantani, yana nuna ƙananan ramukan da ke tasowa a ƙarƙashin guringuntsi. Da maganaɗisu yake aiki, shi ma babu hasken da ke cutarwa. Sai dai yana da tsada, ba kowane gari ke da shi ba, gaɓa ɗaya takan ci rabin awa ko fiye, injin yana ƙara mai ƙarfi, kuma dole yaro ya kwanta shiru ba motsi. Ƙananan yara har sai an ba su maganin barci. Saboda haka ba a yin sa don a kwantar da hankali kawai. Ana yin sa idan sikanin bai warware tambaya ba, ko idan abin da yaro ke ji bai yi daidai da abin da aka gani ba, ko ana shirin yi wa gaɓar aiki. Likitanku ma cewa ya yi “in ta kama”. Ba ta kama ba tukuna. Ranar da ya ce a yi, ki tambaye shi kai tsaye: Likita, idan hoton ya nuna kaza me za ka yi, idan bai nuna ba me za ka yi? Idan amsar biyun ɗaya ce, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Wurin kuwa shi ne hana jinin zuba. Hoto kowane iri ne gani kawai yake yi, ba ya warkarwa. Idan sikanin ya tabbatar tantanin ya yi kauri, abin da likitoci kan fara shi ne allurar fakta a kai a kai na wasu makonni don a tsinke wannan zagayen, tare da atisayen da likitan gashin ƙashi zai koya masa domin naman cinyar ya yi ƙarfi ya riƙe gwiwar. Idan hakan bai yi ba, akwai allurar da ake yi a cikin gaɓar don ta ƙanƙance tantanin. Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, mai hedikwata a Montreal ta ƙasar Kanada, ta faɗa a ƙa'idojinta na 2020 cewa inda magani ya yi ƙaranci, rigakafi ko da ɗan kaɗan ne ya fi jiran sai jini ya zuba. Ƙungiyar tana aiko da fakta kyauta zuwa ƙasashe irin namu, a Najeriya kuma Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya, mai hedikwata a Kaduna, ita ce abokiyar aikinta. Idan ba a yi wa yaron rajista da su ba, ki yi wa likitan jinin maganar a zuwanku na gaba. Ki kuma tambaye shi game da emicizumab, allurar rigakafi ce da ake yi a ƙarƙashin fata ga masu ƙarancin fakta 8, wasu sau ɗaya a mako, wasu ma fiye da haka tsakani. Takardar sikanin da ta nuna gwiwa na cikin haɗari hujja ce a hannun likita lokacin da yake nema wa yaro irin wannan taimako. Kuɗin mota zuwa asibiti duk lokacin da jini ya zuba kuwa daga keken nan zai riƙa fitowa, shekara da shekaru. In kika sayar da shi don hoto ɗaya, wata mai zuwa gwiwa ta kumbura da dare, da me za ki fita?

Batun yin abin a ɓoye, ban goyi baya ba. Wannan ciwo na tsawon rai ne, ba za ki iya ɗaukarsa ke kaɗai ba, kuma ranar da maigidan ya gano za ki rasa wanda kika fi buƙata. A yadda kika ba da labarin, mutum ne da aka nuna masa hoto aka ce lafiya, ya gaskata. Laifinsa kaɗan ne a nan. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce masa, Baban yara, ba ina musun hoton ba ne, so nake mu je tare ka ji daga bakin likita abin da ya sa ya ce a ƙara wani. Maza da yawa abin da suka ƙi ji a gida sukan karɓe shi a gaban likita. In ya tsaya kusa da allon ya ga gwiwar hagu, sannan ya ga ta dama, ba sai kin ƙara magana ba.

Ita kuwa Hajiya, son jikanta ne ya sa take maganar maɗori, kuma da ladabi za ki bi da ita, in da hali ɗanta ne zai gaya mata. Maɗori karaya da targaɗe ya sani, aikinsa ja ne da matsa da ɗauri. Gwiwar da ke cike da jijiyoyi marasa ƙwari, ja da matsa jini za su ƙara mata. Haka gashi da ruwan zafi a lokacin da take kumbure. Tsaga da ƙaho kuwa kada ma a kusance su, ku tuna da ranar kaciya. Za ki kuma ji masu cewa ai amosanin jini ne, a ba shi abin da ake ba masu sikila. Cututtukan biyu duk suna sa ciwon gaɓoɓi a ƙasar nan, shi ya sa ake rikita su, amma hanyarsu daban, maganinsu daban. Idan kuma wani ya fara jifanki da cewa daga wurinki ciwon ya fito, ki sani ba zaɓin kowa ba ne, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu wannan cuta babu wanda aka sani da ita a danginsu kafin su.

Akwai kuskuren da nake tsoron duk wannan bayanin hoto zai jawo, don haka ki riƙe wannan da kyau: ranar da jini ke zuba ba a jiran hoto. Idan yaron ya ce yana jin ɗumi ko wani yam-yam a cikin gwiwa, ko kika ga ya ƙi lanƙwasa ta a zaman tahiya, ko ya tashi da safe yana ɗingishi, ki gaskata shi tun kafin kumburi ya fito. Fakta ake nema da wuri, cikin awa biyu in so samu ne, hoto ya biyo baya. Kafin ku isa, ya kwanta a ɗaga ƙafar a kan matashi, ki naɗe ƙanƙara ko ledar ruwa mai sanyi a cikin tsumma ki ɗora na kamar minti 15, kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Farasitamol kawai za ki ba shi. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna ƙara zubar jini, kuma su ne mai kemis zai fara miƙo miki idan kika ce ciwon gwiwa. Kada ki yarda a yi masa allura a ɗuwawu ko a cinya. Idan kumburin ya zo da zazzaɓi, ko ya bugu a kai ko da bai nuna komai ba, asibiti kai tsaye, ko tsakar dare ne.

Daga yau ki ware littafi ɗaya na gwiwar nan. Duk ranar da ta kumbura ki rubuta kwanan wata, wace gaɓa ce, me yake yi kafin ta fara, an yi fakta ko ba a yi ba, kwana nawa kafin ya taka. Ke tela ce, tef ɗin awo na rataye a wuyanki. Sau ɗaya a mako, da safe kafin ya fita, ki sa ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, ki zagaya tef ɗin daidai tsakiyar ƙoƙon gwiwar dama ki rubuta, ki yi wa ta hagu haka. Ki haura kamar faɗin yatsu huɗu sama da ƙoƙon ki auna cinyoyin biyu su ma, domin cinyar ƙafar da ke ciwo takan fara ramewa a hankali. Ki kuma lura ko diddigensa na kaiwa ɗuwawu idan ya lanƙwasa, da ko bayan gwiwar na taɓa tabarma idan ya miƙe. Ranar sikanin ki tafi da littafin, da hoton ƙashin da kuka riga kuka yi, da katinsa na asibitin jini, ki sa masa gajeren wando da riga mai gajeren hannu don a samu duba gaɓoɓin shida ba tare da an tuɓe shi ba. Kafin ku fito ki karɓi sakamakon a rubuce, ki tambayi likitan wane wata za ku dawo a sake dubawa.